Yadda ake cusa bitamin C cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, a kuma gwada shi a kan sel ba tare da ka yaudari kanka ba

Wannan bayanin na ƴan uwa ɗalibai ne masu furojek ko masters a famasi da bayokemistiri, musamman waɗanda sufabaiza ya cilla musu batun nanofatikul, wato ƙwayoyi ƴan mitsi-mitsi da ake cusa magani a ciki, ya ce su je su yi karatu a kai. Haɗa ƙwayoyin ba shi ne wahalar ba, wanda ya iya auna giram ya kuma iya tsayawa kan zafi zai haɗa. Inda ake faɗuwa shi ne wajen awo, saboda bitamin C abu ne mai saurin lalacewa kuma yana ruɗa kusan duk gwajin da aka saba yi, har mutum ya samu sakamako mai kyau a takarda alhali babu komai a kwalbar.

Da farko a san me ya sa ma ake wannan wahalar

Bitamin C, wato askobik asid, yana narkewa a ruwa sosai, kusan giram 330 a lita guda, amma ba ya shiri da mai ko kaɗan. Fatar sel kuwa kitse ce, don haka ba ya ratsa ta haka nan sai ta ƙofofinsa na musamman, SVCT1 a hanji da ƙoda, SVCT2 a sauran sassan jiki. Ƙofofin nan suna cika. Binciken Mark Levine da abokan aikinsa a NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka, a 1996 ya nuna idan mutum ya kai miligiram 200 zuwa 400 a rana jininsa ya kusa ƙoshi, wajen maikuromola 70 zuwa 80, sauran da ka ƙara yawanci fitsari ne zai tafi da shi. Ga kuma rashin juriya, iska da haske da zafi da ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla duk suna juya shi zuwa dihaiduro-askobik asid, daga nan ya wuce zuwa wani sinadari da ba ya dawowa. Shi ya sa man shafawa mai bitamin C ke komawa ruwan ɗorawa sannan ruwan ƙasa in ya jima a buɗe.

To dabarar ita ce a lulluɓe shi da kitse a ƙwayoyi ƴan mitsi-mitsi, nanomita 100 zuwa 300 haka, ko ya tsira daga iska kuma sel ta haɗiye ƙwayar gaba ɗaya ba sai ta ƙofa ba. Ba sabon abu ba ne, Alec Bangham ya bayyana lifosom, ƙwayar kitse mai ruwa a ciki, tun shekarun 1960 a Ingila, Doxil, maganin ciwon kansa da ke cikin lifosom, ya samu amincewa a 1995, kuma rigakafin korona na Pfizer da Moderna duk cikin ƙwayoyin kitse aka ɗauko su. Sai dai waɗancan na rigakafin an ƙera su ne don mRNA, tsarinsu daban, kar ka kwafo girkinsu ka ce za ka zuba bitamin C.

Mataki na 1: yanke shawarar wane bitamin C da wace ƙwaya

Nan ne rabin aikin yake. Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai lifosom, wanda cikinsa ruwa ne bayansa fosfolifid, shi ya fi dacewa da askobik asid tsantsa tunda ruwa yake so, amma yana yoyo. Akwai SLN, ƙwayar kitse daskararre, wanda Rainer Müller a Jamus da Maria Rosa Gasco a Italiya suka fito da shi a farkon shekarun 1990. Sai NLC da ya biyo baya, shi an gauraya daskararren kitse da ɗan mai na ruwa.

Matsalar SLN ita ce in ya kwana biyu kitsen yana ƙara shirya kansa yana matsewa sai ya turo maganin waje, kamar yadda man shanu ke daskarewa da sanyin hunturu ka ga ragowar ruwan nonon ya taru a gefe. Man ruwan da ake sa wa NLC shi ke hana wannan matsewar, ya bar wa maganin wurin zama.

Ni shawarata ga mai farawa, ɗauki NLC ka sa askobil falmitet a maimakon askobik asid tsantsa. Shi bitamin C ne da aka maƙala masa jelar kitse, don haka yana zama cikin mai da son ransa. Ka dai riƙe lissafin nan, nauyin molikul ɗinsa 414.5 ne na askobik asid kuma 176.1, ke nan miligiram 100 na askobil falmitet wajen miligiram 42 ne kawai na ainihin bitamin C. Mutane da yawa suna kwatanta su giram da giram, wannan kuskure ne, da mola ake kwatantawa. Kuma kar ka ɗauka halinsu ɗaya a sel, akwai binciken 2002 da ya nuna askobil falmitet ya ƙara lalacewar kitsen sel ɗin fata a ƙarƙashin hasken UVB maimakon ya kare su.

In sufabaiza ya kafe sai tsantsar askobik asid a SLN, to sai hanyar imolshon mai hawa biyu, ruwa cikin mai cikin ruwa, zan kawo ta a ƙasa.

Mataki na 2: kaya da ruwa

Daskararren kitse, ko Precirol ATO 5 mai narkewa wajen digiri 56, ko Compritol 888 ATO wajen digiri 70, ko sitiyarik asid wajen 69. Tunda zafi abokin gaban bitamin C ne, mai ƙaramin zafin narkewa ya fi. Man ruwa, Miglyol 812 ko oleyik asid. Sinadarin da ke hana ƙwayoyin haɗewa, Tween 80 ko Poloxamer 188, wani lokaci a ƙara lesitin.

Ba dole sai kitsen waje ba fa. A Jami'ar Nsukka, Farfesa Anthony Attama da mutanensa sun daɗe suna aiki da kitsen akuya wajen irin waɗannan ƙwayoyin, kuma an gwada man kaɗanya a wurare da dama. Amma man kaɗe yana fara narkewa tun wajen digiri talatin da wani abu, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin ɗaki kaɗai ya ishe shi, ga zafin jiki 37. In za ka yi da shi ka haɗa shi da mai taurin narkewa, kuma ka samo tacacce, na kasuwa kowane ƙulli da irin nasa.

Ruwan kuma kar ka raina shi. Distil ko diyonaiz, ka busa masa naitirojin na ɗan lokaci don iskar oksijin ta fita, in babu naitirojin ka tafasa shi ka rufe ruf ya huce. Ɗan EDTA kaɗan yana kama ƙarfe da tagulla. Kwalabe masu duhu, in babu ka naɗe da takardar foyil. Kar cokalin ƙarfe mai tsatsa ya kusanci wurin.

Mataki na 3: haɗawa

Ga ma'aunin farawa na giram 20, ba wahayi ba ne, daga nan za ka riƙa gyarawa:

Precirol giram 0.7, Miglyol giram 0.3, askobil falmitet giram 0.1, Tween 80 giram 0.4, ruwa ya cike zuwa giram 20.

Narka kitsen da man a wanka na ruwan zafi, digiri 5 zuwa 10 sama da inda yake narkewa, wato wajen 65. Askobil falmitet shi kansa sai ya haura digiri 100 yake narkewa, don haka kar ka tsaya jiransa kana ƙara wuta, narka shi a ɗan itanol kaɗan ka zuba cikin narkakken kitsen a ƙarshe-ƙarshe ka juya har warin itanol ɗin ya tafi. A gefe guda ruwan da Tween yana kan wuta shi ma, kuma zafinsu ya zama ɗaya, in ruwan ya fi sanyi kitsen zai daskare nan take ka ga gudaji suna yawo a sama, wannan kwanon ya tashi aiki sai dai ka sake.

Zuba ruwan cikin kitsen kana bugawa da homojinaiza irin Ultra-Turrax, gudun wajen dubu 10 a minti, na ƴan mintuna, zai yi fari tas. Wannan har yanzu manyan ɗigo ne. Rage girman shi ne aikin na'urar matsin lamba, ana yawan yin matsin bar 500 zagaye uku, amma ba kowane lab ke da ita ba, yawancinmu sonikato mai sanda, mai fasa ɗigo da girgizar sauti, muke samu. In shi ne, sa shi yana yi yana hutawa, kwalbar tana cikin ruwan ɗumi don kar kitsen ya daskare tsakiyar aiki, kuma kar ka zarce, sonikato yana ƙara zafi yana kuma haifar da radikal, wato sinadarai masu saurin lalata abu, a cikin ruwa, su kuwa bitamin C suke fara ci. Bakin sandar ma yana zubar da ɓurɓushin taitaniyom, in ka ga toka-toka a gindin kwalba shi ne, ɗan juyi a sentirifuj a hankali zai kwantar da shi. Ka tabbatar akwai jenareto a kusa kafin ka fara, in wuta ta ɗauke kana tsakiyar bugu komai ya daskare a yadda yake.

Daga nan sai a sanyaya, ƙwayoyin su ƙanƙare. Mai kyau za ka gan shi kamar tsinkakkiyar madara, in ka ɗiga a ruwa ka ɗaga wa haske yana ɗan shuɗi-shuɗi a gefen gilashin.

A rana ɗaya, da kaya ɗaya, ka haɗa wani kwanon da babu bitamin C a ciki. Wannan fankon shi ne shaidarka nan gaba, in babu shi duk gwajin sel ɗinka ba shi da ma'ana.

Ga masu askobik asid tsantsa, narka shi a ɗan ruwa kaɗan, buga shi cikin narkakken kitse mai Span 80 ko lesitin, sannan ka juye wannan cikin ruwa mai yawa mai Tween ko Poloxamer ka sake bugawa amma a hankali, bugu mai ƙarfi yana fasa ɗigon ciki bitamin ya tsere waje. Kar ranka ya ɓaci in abin da ya shiga bai taka kara ya karya ba, haka hanyar take.

Mataki na 4: awon girma da caji

Na'urar DLS, wadda aka fi sani da Zetasizer, za ta ba ka girma da PDI, wato bambancin girman ƙwayoyin, da zeta, wato cajin da ke jikinsu. Tsinka samfurin sosai kafin ka sa. PDI ƙasa da 0.3 yana nufin ƙwayoyin sun yi kusan kai ɗaya. Zeta ana son wajen 30 milibolt ko sama da haka, ko ta ɓangaren ragi ko ƙari, amma in Tween ko Poloxamer ka sa kana iya ganin ƙasa da haka kuma ƙwayoyin su zauna lafiya, tunda su ba da caji suke karewa ba. Abin da ake yawan mantawa, ka sake auna girman a cikin ruwan renon sel mai siram, wato ruwan jinin da ake ƙara masa, domin furotin yana manne wa ƙwayoyin, wani lokaci su dunƙule, kuma wancan dunƙulen shi sel ɗinka za su gani ba wanda ka auna a ruwa ba.

Mataki na 5: nawa ne ya shiga ciki

A nan bitamin C ya fi cutar mutane. Hanyar da kowa ke bi ita ce a tace ruwan da ke waje da matatar sentirifuj irin Amicon, a auna bitamin da bai shiga ba, a ɗebe daga abin da aka zuba tun farko, a ce sauran yana ciki. Ka ga matsalar? In rabin bitamin ɗin ya ƙone a wajen zafi da sonikato, ba za ka gan shi a waje ba, lissafi sai ya ce maka ai yana ciki, ka fito da kashi 95 kana murna. Don haka dole ka auna biyu, na waje da kuma jimla. Jimlar kuwa sai ka fasa ƙwayoyin da metanol ko Triton X-100 ka auna abin da ke nan da gaske. Jimlar da ka auna, ka cire na waje, ka raba da jimlar, shi ne shigar gaskiya. Sannan ka faɗi kashi nawa na abin da ka zuba ya tsira, lamba ce daban kuma mai karatu yana da haƙƙin ganinta.

HPLC, wato awon da ke rarrabe sinadarai kafin ya auna su, shi ya fi, ana karanta askobik asid wajen nanomita 245 in ruwan mai tsami ne, wajen 265 in tsaka-tsaki ne. Samfurin ka zuba masa metafosforik asid ka ajiye kan ƙanƙara, sitandad kuma kullum sabo. In babu HPLC, taitireshon da DCPIP yana ba da ƙiyasi amma farin ƙwayoyin na ɓoye canjin launi.

Gwajin fitowar magani ta jakar dayalisis a PBS, ruwan gishirin lab, mai pH 7.4 da digiri 37 shi ma haka, bitamin na fita yana lalacewa a lokaci guda, sai ka ga layin ya hau ya sauko. Sa jaka ta biyu mai bitamin tsirara a gefe don ka san saurin lalacewar.

Mataki na 6: sel

Tambayarka ce ke zaɓar sel. In fata ce, HaCaT, wato sel ɗin fatar mutum, ko faiburobulas, ka duba kolajin tunda bitamin C ne ke taimakon enzayim ɗin da ke ƙarfafa shi, ko ka duba kariya daga UV. In ciwon kansa ne, dole sel ɗin ciwon da na lafiya gefe da gefe. Haka masu bincike a Jami'ar Anadolu ta Turkiyya suka yi a 2014, suka gwada SLN mai askobik asid a kan sel ɗin H-Ras 5RP7 na ciwon kansa da NIH/3T3 na lafiya, suka ba da rahoton ya fi kashe na kansar.

Shuka sel dubu 5 zuwa dubu 10 a kowane rami na faranti mai rami 96, su kwana a digiri 37 da kashi 5 na CO2. Ramukan gefe ka cika su da PBS kawai, suna saurin bushewa. Samfurinka ka tace shi da matata 0.22 in girman ya bari, amma ka sake awo bayan tacewa don matatar na riƙe wasu.

Kafin ka zuba komai yi wannan lissafin. Girkin da na bayar yana da askobil falmitet miligiram 5 a mililita, wato kusan milimola 12. In kana son maikuromola 100 a kan sel za ka tsinka sau 120, kitsen ya zama wajen miligiram 0.4 a mililita. In kuwa milimola 1 kake nema sau 12 kawai za ka tsinka, ke nan kitse sama da miligiram 4 da Tween wajen 1.7 a kowace mililita, wannan kaɗai yana iya kashe sel ko babu ɗigon bitamin. Shi ya sa kowane mataki na dos sai an yi masa fankonsa daidai wa daida.

Rukunonin da ba a tsallakewa: sel da ruwan reno kawai, fanko, bitamin tsirara, fanko da aka gauraya da bitamin tsirara daga waje, ƙwayoyi masu bitamin, sai wani abu da aka san yana kisa don a tabbatar gwajin na aiki. Bitamin tsirara ka daidaita masa pH ko ka yi amfani da sodiyom askobet, in ka ga jan ruwan reno ya koma rawaya to tsami ne ke kashe sel ɗin.

Yanzu manyan tarkuna biyu. Na farko MTT, gwajin rayuwar sel da Mosmann ya fito da shi a 1983. Sel mai rai ke juya ruwan ɗorawar zuwa shunayya, amma bitamin C ma yana juya shi da kansa ko babu sel ko ɗaya, sai faranti ya nuna maka rayuwa kashi 130 alhali a madubin maikuroskof sel sun tattare sun mutu. Maganinsa, zuƙe ruwan magani ka wanke da PBS sau biyu kafin MTT, ka bar ramuka marasa sel masu magani kawai don ka ga ko suna yin launi, kuma ka tabbatar da wani gwajin da bai dogara da wannan juyin ba, SRB ko ƙirga da tirifan bulu. Kullum ka leƙa da idonka kafin na'ura ta karanta.

Na biyu ya fi zurfi. Bitamin C mai yawa in ya haɗu da ƙarfen da ke cikin ruwan reno yana samar da haidurojin feroksaid a wajen sel, ƙungiyar Barry Halliwell a Singafo ta nuna haka, Levine ma a 2005 ya nuna ta wannan hanyar ce yake kashe sel ɗin ciwon kansa a faranti. Yawan feroksaid ɗin ya danganta da irin ruwan renon, ko akwai fairubet a ciki tunda shi yana cinye feroksaid, da kuma yawan sel a rami. Ke nan mutum biyu za su iya gwada abu ɗaya su samu IC50, wato dos ɗin da ke kashe rabin sel, daban-daban kowa kuma bai yi ƙarya ba. Ƙara rukuni mai enzayim katales, wanda ke lalata feroksaid. In katales ya hana mutuwar, feroksaid na waje ne ya yi aikin, ba shigar ƙwayoyinka ciki ba. Kuma kar ka yi mamaki in ƙwayoyinka suka fi bitamin tsirara rashin kisa, wanda ke lulluɓe ba ya haɗuwa da ƙarfen waje da wuri, wannan ma sakamako ne da ya cancanci rubutawa.

Don nuna cewa sel na haɗiye ƙwayoyin, sa rini mai ƙyalli irin Nile red ko coumarin-6 a kitsen, ka kwatanta digiri 37 da digiri 4, a sanyi haɗiya tana tsayawa. Rinin yana iya zamewa daga ƙwayar ya shiga shi kaɗai, don haka hoto mai ƙyalli bai isa ba, fasa sel ɗin ka auna bitamin C na cikinsu da HPLC. Irin mutuwar kuma Annexin V da PI ko kasfes 3 za su faɗa maka. A maimaita gwajin a ranaku uku daban da sabon shuka, ramuka uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne.

Mataki na 7: ajiya, da abin da za ka iya faɗa

Raba samfur kashi-kashi, firji digiri 4, zafin ɗaki, da digiri 40, ka riƙa auna girma da ragowar bitamin lokaci-lokaci har wata uku. Kar ka sa a firiza haka nan, ƙanƙara na fasa tsarin, in za a busar da shi ta daskarewa sai an sa tirehalos ko wani suga mai karewa. Firjin da wuta ke zuwa tana tafiya ba digiri 4 ba ne, sa ma'aunin zafi a ciki ka rubuta abin da ya nuna.

Wajen rubutu kuma a ja linzami. Kashe sel a faranti ba maganin ciwon kansa ba ne, Linus Pauling da Ewan Cameron sun ɗaga batun a shekarun 1970, gwaje-gwajen Mayo Clinic na 1979 da 1985 da aka ba marasa lafiya ta baki ba su ga amfani ba. Na lifosom da ake sha kuma, wani ƙaramin gwaji na 2016 a Amurka da giram 4 ya nuna ya fi na gama-gari hawa a jini amma bai kamo na allurar jijiya ba ko kusa. In aikinka zai kai ga dabba ko mutum, sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma ka sa batun ƙarancin enzayim ɗin G6PD a jini a lissafi don yana da yawa a yankinmu, bitamin C mai yawa ta jijiya yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu shi, masu ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda ma ana cire su daga irin wannan gwajin. A sashen hanyoyin bincike ka rubuta sunan ruwan reno, ko da fairubet ko babu, kashin siram, yawan sel a rami, da awa nawa maganin ya yi a kansu, dos kuma a mola na ainihin bitamin C da ka auna ranar gwajin.